Abin da Wayarka ke Faɗa Alhali Kana Barci



A wani ƙarshen wata na sayi data da yamma a Birnin Kudu, na koma Kangire na kwanta. Da asuba na ɗauko waya in duba ko albashi ya shigo, sai na tarar datar ta ƙare ƙarƙaf. Na yi ta zargin yara, ashe wayar ce ta kwana tana sabunta manhajojinta. Cikin fushi na kashe sabuntawar gaba ɗaya. Yau na tsaya gabanku ne in bayyana dalilin da ya sa na gane wannan ma kuskure ne.

Aikin kashi biyu ne, tambaya da ɗauko kaya. Lokaci zuwa lokaci wayar kan tuntuɓi babbar kwamfutar kamfanin da ya yi manhajar, ta tambaya ko an fitar da sabuwa. Ku ɗauka ɗalibi ne ya je ofishin hedimasta neman sabon littafi. Dole ya faɗi ajinsa da bugun da ke hannunsa kafin a san abin da za a ba shi. Haka wayar kan faɗi lambar bugun manhajar, da samfurinta, Tecno ce ko Itel ko Infinix, da tsarin Android da take kai, sau da yawa har da harshe da ƙasa. Kamfanin yana kuma ganin adireshin intanet ɗin da tambayar ta fito, wanda kan nuna kamfanin layinka da kusan yankin da kake. Wasu manhajoji kan haɗa da lambar shaidar wayar, wadda da ita ake gane cewa wayar jiya ce ta dawo yau. Wannan tambaya ba ta cin data sosai, ɗauko sabuwar manhajar ne ke cinyewa.

A ƙa'ida, hotunanka da saƙonninka da makin ɗalibanka ba sa cikin abin da ake aikawa. Amma an taɓa saɓa ƙa'idar. A 2016 masu bincike a Amurka sun gano cewa manhajar sabuntawa ta kamfanin Adups, da ke cikin wasu wayoyi masu araha, tana kwashe saƙonnin mutane da jerin kiransu tana aikawa ƙasar Sin. Saboda irin wannan ne Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ba kowa haƙƙin sanin abin da ake tarawa a kansa.

To, don me ba za a kashe abin a huta ba? Domin yawancin sabuntawa toshe ɓaraka ce, kamar yaɓen katanga kafin damina. A watan Maris na 2017 Microsoft ya fitar da gyaran wata kafa a Windows. A watan Mayu cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta wannan kafa, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har asibitoci a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Waɗanda suka karɓi gyaran sun tsira. Mu kuwa, a wayar nan albashinmu yake sauka, a cikinta manhajar banki take. Wanda makarantarsa ke da kwamfuta mai Windows 10 kuma ya sani cewa gyaranta na yau da kullum ya tsaya tun 14 ga Oktoba, 2025.

Shawarata uku ce. Da farko, ku shiga saitin Play Store ku zaɓi sabuntawa ta Wi-Fi kaɗai. Wanda ba shi da Wi-Fi, kamar yawancinmu na ƙauye, ya ware rana ɗaya a wata ya yi da hannunsa, ya fara da manhajar banki da WhatsApp. Na biyu, sabuntawa ta gaskiya daga Play Store ko saitin waya take zuwa, ɗauke da hatimin kamfani wanda wayar ke tantancewa. Saƙon da ya ce ka danna nan ka sabunta asusunka, ko ya nemi lambar sirrinka, tarko ne. Haka nan a guji GB WhatsApp da manhajar da aka turo ta Xender ba a san tushenta ba. Na uku, ku duba izinin kowace manhaja. Mene ne haɗin fitilar waya da lambobin abokanka?

Iyayen yara mu suke kawo wa waya idan ta rikice, don sun ɗauka malam ya san komai. Mu yi ƙoƙari kada mu ba su kunya.