Inda Layi Biyu Ya Koma Ɗaya: Jawabi Ga Direbobin Manyan Motoci

Maganar da za mu yi yau a kan wuri guda take, watau inda aka rufe layi ɗaya na babbar hanya, motocin da ke tafe a layi biyu suka zama tilas su bi ta ɗaya. Wurin ba shi da tsawo, amma a nan ake yawan karo, a nan kuma ake zage-zage.

Kun san hanyar Katsina, wadda ta bi ta Bachirawa ta nufi Dawanau. Dare da rana gingimari na bin ta da gero da dawa da wake da riɗi. Waɗansunku kuma sun bi hanyar Kano zuwa Kaduna bayan da aka soma sāke gina ta a 2018, sun ga yadda ma'aikata ke jera ganguna su toshe gefe guda. Wani lokaci ma ba aiki ake yi ba, mota ce ta lalace ta tare layi. Ko wanne ne, dabarar ɗaya ce.

Da fari, ku san nauyin abin da kuke ja. Tirela mai buhun siminti 600 tana ɗauke da tan 30, ban da nauyin jikinta. In tana gudun kilomita 60 a sa'a, kowace daƙiƙa takan ci kusan mita 17, watau kamar tsawonta. Kafin ido ya gani, ƙafa ta kai ga burki, ta riga ta ci wannan, ko fiye. Sa'an nan ku riƙe wannan lissafi: in gudu ya ninka biyu, nisan da mota za ta ci kafin burki ya tsai da ita yakan ninka huɗu. Saboda haka da ka hangi allo, ko ganguna, ko mai jan tuta, sai ka ɗaga ƙafa daga totur, ka sauko da giya tun da nisa. Wanda ya bari sai ya zo bakin ganguna, ya makara.

To, a ina za a shiga layin da ke buɗe? Amsa iri biyu ce, gwargwadon halin hanya.

Idan motoci kaɗan ne, suna tafiya sarai, shiga da wuri. Kunna sigina, ka bar ta ta jima tana ƙiftawa. Dubi madubi, ka sāke dubawa. In ka ga fili wanda zai ɗauke ka har wutsiya, sai ka zare a hankali. Ka tuna kan mota yakan shiga tun gindinta yana waje.

Idan kuwa hanya ta cushe, motoci suna jan ciki, to, dabara ta sāke. Kowa ya tsaya a layinsa har bakin inda aka rufe. A nan sai a shiga bi da bi: ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu. Kun ga mata biyu suna lugude a turmi guda? Wannan ta ɗaga, wannan ta sauke, taɓarya ba ta karo da taɓarya, hatsi kuwa yana dakuwa da sauri. Amma in dukansu suka sauke tare, sai ɓarna. Haka shiga layi take.

Wani zai ce, “Ashe ba rashin kunya ba ne mutum ya bi layin da za a rufe har ƙarshe?” A'a. Ku auna da kanku. Motocin da suka cika layi biyu na tsawon kilomita ɗaya, in aka tura su layi guda tun daga nesa, sai su cika kilomita biyu. Jerin ya kai mararraba ya toshe ta, ya tsare mai keke da mai amalanke da mai kai mara lafiya asibiti, ga kwalta rabi a banza. Mutanen Jamus sun mai da wannan tsari doka, tun 2001 dokarsu ta ce a bakin wurin da hanya ta tsuke za a shiga. Beljiyam ma ta yi irin wannan doka a 2014. Su da haƙoran zif suke kwatanta shi, mu lugude ya ishe mu misali.

Akwai abu uku da ba su kamaci direban kirki ba. Na ɗaya, ya gindaya motarsa tsakiyar layi biyu don kada kowa ya wuce shi. Hanya ba tasa ba ce, shi kuwa ba ɗan sanda ba ne. Na biyu, ya manne wa motar gabansa don kada a shiga tsakani. In na gaba ya taka burki, ina za shi? Na uku, ya sauka kwalta ya bi gefe, ko ya haye hannun masu zuwa. A ƙasa irin tamu, inda gona ke haɗe da gona, gida kusa da gida, gefen hanya ba kango ba ne. Nan yara ke tafiya makaranta, nan ake kora awaki, nan masu talla ke zama.

Sai maganar madubi. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, direba yana zaune a hagu. Don haka gefen damansa shi ne inda ganinsa ya fi rauni. Babur ko a-daidaita-sahu yakan ɓuya a nan, madubi bai nuna shi ba. Yaron mota, wannan aikinka ne: leƙa ta taga, ka gaya wa maigidanka gaskiya, in akwai ka ce akwai. Ku kuma masu ƙananan motoci, in ba ku hangi fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ku ba. Kada ku faɗa cikin filin da ya bari a gabansa ku taka burki, gama filin nan shi ne wurin tsayawarsa.

In motarka ce ta mutu ta tare layi, kunna fitilun haɗari, ka ajiye alama mai kusurwa uku can baya, inda mai zuwa zai gan ta da sauran lokaci. In ka sa ganye ko duwatsu, kwashe su kafin ka tashi, kada su zama tarko ga mai babur da dare. In kuwa ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, suna wurin suna ba da hannu, abin da suka nuna shi za a bi.

Babbar mota ita ce babba a hanya, babba kuwa shi ake sa rai ya yi haƙuri. Mota guda da ka bari ta shiga gabanka ba za ta hana ka isa Dawanau kafin a tashi kasuwa ba. Karo guda kuwa yakan cinye kayan mutane, da motar maigida, da rai wanda ba a mayarwa. Rage gudu tun da nisa, bar fili, ba ɗaya hanya, sa'an nan ka bi. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.