Bangon da ke kallon masu mulki

Yau maganar bango zan yi, bangon zauren da majalisar gari ke zama. Na san wani zai ce ga tsadar abinci, ga ɗauke wuta, ina ruwanmu da fenti? Ku ɗan ba ni minti kaɗan.

A ƙasar Italiya akwai wani birni da ake kira Siyana. Daga 1287 zuwa 1355 majalisar mutum tara ce ke riƙe da shi, galibinsu ƴan kasuwa, kuma wata biyu kacal suke yi a sauya su. A 1338 suka ɗauko wani mai zane ɗan garin, Ambrogio Lorenzetti, suka ba shi bango uku na ɗakin da suke shawara. Ya gama a 1339. Da kuɗin gari aka biya shi, aka rubuta a littafin baitulmali, shi ya sa har yau aka san lokacin aikin.

Abin da ya burge ni, bai cika ɗakin da fuskokin manya ba. A bango guda ya zana Adalci a siffar mace da sikeli. Daga sikelin igiya ta sauko, ta bi hannun mutanen gari su 24, sannan ta ƙare a hannun wani dattijo mai wakiltar maslahar jama'a. Ku lura, igiyar sai da ta ratsa hannun mutane kafin ta kai ga mai mulki. Kusa da shi ga gari cikin lafiya: magina bisa soro, mai takalma a shagonsa, malami da ɗalibai, manoma na shigowa da kaya. Bangon da ke fuskantar wannan kuwa, azzalumi ne mai ƙaho da fiƙa, Adalci ɗaure a ƙafarsa, sikeli a karye, gidaje na rushewa, gonaki sun zama kufai. Duk ranar zama, su taran nan suna tsakanin hotunan biyu.

Zanen bai tsare musu kujera ba. Annoba ta shiga garin a 1348, aka kifar da su a 1355. Ɗakin dai yana nan.

To mu fa? Ka shiga meri, hoton shugaba ne da kalanda, sai labule. Tun Afrilun 2024 da aka rushe majalisun garuruwa, naɗaɗɗu ke riƙe da su, amma kuɗin gyaran zaure har gobe daga harajin kasuwa da tasha yake fitowa. Ni ba na cewa a kafa mutum-mutumi; da yawa cikinmu addini ya hana su, kuma ina girmama hakan. Magina masu zanen bango irin na unguwar Birni a Zinder suna nan, ga maƙera da dukawan da ke aiki a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai.

Don haka ranar da kuka ji za a ƙawata zauren garinku, ku tambaya nawa ne, wa ya zaɓi mai aikin, kuma me za a zana. Ku nemi a manna samfurin a ƙofar meri kafin a sayi gwangwanin fenti ko ɗaya.