Gani Ya Kori Ji: Mu Kai 'Ya'yanmu Su Ga Inda Ruwanmu Ya Fito

Jawabin da kwamitin ilimi da matasa ya gabatar a babban taron ƙungiya a garin Gombe



 

An ɗora wa kwamitinmu nauyin duba wata magana da matasa suka kawo, wato suna roƙon ƙungiya ta shirya musu tafiya don su ga magangarun ruwa na ƙasar nan, wuraren da kogi yake zubowa daga kan dutse. Maganar ta raba kan jama'a. Wasu iyaye sun ce yawon buɗe ido aikin Turawa ne da waɗanda kuɗi ya yi wa yawa. Wasu sun ce ruwa ba abin wasa ba ne. Su kuwa yaran suna nuna mana hotuna a wayoyinsu na tsibiran da ke tsakiyar teku, irin su Morishiyos da Bali, inda ruwa ke kwararowa cikin kurmi, suna cewa ashe haka duniya take, mu muna nan cikin ƙura. To, mun zauna mun auna, ga abin da muka gani.

Da farko mu tuna ko mu su wane ne. Babu ɗayanmu da kakansa ya tsiro a Jekadafari ko Tudun Wada ko Bolari. Garin nan da muke ciki sai a 1919 aka mai da shi hedikwatar masarauta, bayan Gombe Abba da Nafaɗa. Iyayenmu sun baro Kano da Katsina da Zazzau da Haɗeja da Damagaram, suka biyo cinikin auduga da gyaɗa da shanu, jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960 ya ƙaro wasu, aka ƙirƙiro jiha ranar 1 ga Oktoba 1996 wasu suka sake biyowa. Ke nan tafiya ce ta haife mu. Bafatake yana iya lissafa maka kowane rafi da kowane zango daga Kano har Gwanja. Yau ga jikansa ya gama sakandare bai taɓa wuce Kwadon ba, bai san ta inda ruwan da yake sha a famfo ya fito ba. Wannan ba ci gaba ba ne, jama'a.

Bari mu fara da tambayar da wani yaro ya yi: me ya sa mu a Gombe ba mu da magangarar ruwa, sai kwari da zaizaya? Amsar tana ƙarƙashin ƙafarmu. Garin Gombe yana zaune ne a kan dutsen yashi mai taushi, a gindin tudun Akko, ruwan sama kuma yana gangarowa daga yamma ya ratsa unguwanni ya yi gabas. Ruwa in ya sami ƙasa mai taushi sai ya cinye ta, ya haƙa kwazazzabo, ya tafi da gidaje. Dattawa ba su manta da ambaliyar watan Agusta 2004 ba. Amma in ruwa ya tarar da dutse mai tauri wanda ba zai iya ci ba, sai ya bi ta kansa har ya kai baki, ya faɗo ƙasa gaba ɗaya. Shi ke nan magangara. Ruwan ɗaya ne, ƙasar ce ta bambanta. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba sai an yi masa dogon wa'azi ba kan illar ɗibar yashi a bakin kwari ko toshe magudana da shara.

Irin wannan dutse mai tauri shi ne tsaunin Jos, wanda a duwatsun Shere ya haura mita 1,800 sama da teku. Iskar damina da ke tasowa daga teku tana bugun gefensa na kudu maso yamma ta sauke ruwa mai yawa, saboda haka koguna da dama daga can suka samo tushe. Kogin Kaduna daga can ne. Kogunan da ke bi ta Jama'are su nufi Tafkin Chadi daga can ne. Namu Kogin Gongola ma daga can ne: ya sauko ta ƙasar Bauchi, muna haye shi a gadar Dindima, ya yi arewa ya zagayo ta Nafaɗa, ya dawo kudu ya cika dam ɗin Dadin Kowa, ya wuce Kiri, ya faɗa Binuwai a Numan. Wato tsaunin da ke zubo da waɗannan magangarun shi ne yake shayar da mu.

Ga kaɗan daga cikinsu. Akwai ta Assop a gindin Hawan Kibo, kan hanyar Jos zuwa Akwanga, tafiyar kilomita sittin da 'yan kai daga Jos. Direbobinmu da yawa sun sha wucewa ta gefenta da lodin hatsi ba su taɓa tsayawa ba. Akwai Matsirga kusa da Kafanchan, inda ruwa ke faɗowa kimanin mita 30 cikin wani kwarmi. Akwai Gurara a Jihar Neja, kan hanyar Suleja zuwa Minna, ita ma tsawonta kimanin mita 30 ne, amma da damina faɗinta yakan kai wajen mita 200. Sai babbarsu, Farin Ruwa, a ƙaramar hukumar Wamba ta Jihar Nasarawa, wadda ruwanta ke gangarowa kimanin mita 150. Don a gane girman abin, shahararriyar magangarar Biktoriya da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe tsawonta mita 108 ne, ko da yake ta fi tamu faɗi da yawan ruwa nesa ba kusa ba. Ta Chamarel a tsibirin Morishiyos, wadda yaranmu ke kallo a waya, kimanin mita 100 ce. Ashe abin da ake nema a Sakkwato yana cikin shokoto, in ji maƙwabtanmu Yarbawa.

Kuma ba kallo kaɗai ba ne amfaninsu. Tun a wajejen 1929 da 1930 aka fara samar da wutar lantarki daga magangarar Kurra don haƙar kuza a Jos, lokacin da yawancin garuruwan Arewa ke kunna aci-bal-bal. Dam ɗinmu na Dadin Kowa, wanda aka kammala a 1984, shi ma an sa masa injinan da za su iya ba da megawat 40, ban da ruwan sha da yake ba garin nan da noman rani da kamun kifi. Dabarar ɗaya ce: ruwa ya faɗo daga sama, ƙarfinsa ya juya inji. Cikin yaran da ke zaune a bayan zauren nan, wa ya san wanda zai zama injiniyan ruwa saboda abin da ya gani rana ɗaya?

Game da tsibiri kuwa, ba baƙon abu ba ne ga mutanenmu. Tsibirin Fanando Po, wanda yanzu ake kira Biyoko a ƙasar Ikwatoriyal Gini, yana kudu da Kalaba cikin teku. Dubban 'yan Nijeriya sun yi aikin gonakin koko a can, musamman bayan yarjejeniyar ɗaukar lebura ta 1942 tsakanin Ingila da Sifen, har aka kwaso su a 1975 da 1976 saboda azabar da suka sha. Hausawa 'yan kasuwa ma sun zauna a Malabo. A kudancin tsibirin akwai wani ƙauye Ureka, inda magangaru ke zuba dab da bakin teku, ruwan saman da ake yi a can kuwa ya haura milimita 10,000 a shekara, alhali namu na Gombe bai cika kai 1,000 ba. Wanda Allah ya hore wa ya je ya gani, ba laifi. Amma wanda bai san Gongola ba, me zai gane a Ureka?

Yanzu mu zo kan tsoron iyaye, domin tsoro ne na gaskiya. Babu daminar da za ta wuce ba mu ji labarin yaron da ruwa ya ci a kududdufi ko a kwari ko a bakin dam ba. Sai dai mu tambayi kanmu: hana su da muke yi, ya hana su zuwa? Ranar yawon Sallah su wa ke cika motoci da babura zuwa Dadin Kowa, ba babba ko ɗaya a tare da su? Yaron da aka hana zai tafi a ɓoye. Wanda aka raka shi ne ake iya koya wa. Ga abubuwan da muke so kowane yaro ya haddace, ko da ƙungiya ko babu ita.

Na ɗaya, gindin magangara ba wurin wanka ba ne. Ruwan da ke faɗowa yana haƙa rami mai zurfi, yana kuma juyawa kamar ana tuƙa tuwo, ya ja mutum ƙasa ya maido shi ƙarƙashin zubar. Farin kumfan nan da ke ba da sha'awa iska ce ta cakuɗe da ruwa, ba ya ɗaukar nauyin mutum kamar ruwan tafki. Shi ya sa Hausawa suka ce gwani ruwa ke ci.

Na biyu, dutsen da feshin ruwa ke jiƙawa kullum gansakuka ce a kansa, ya fi sabulu santsi. Haɗari yakan faru wajen ɗaukar hoto: mutum ya juya wa ruwa baya, idonsa na kan waya, ya ja da baya taki ɗaya.

Na uku, kogin dutse yana cika ba sallama. Ana iya yin ruwa a kan tsauni, ku kuna ƙasa rana na dukanku, cikin 'yan mintoci ruwan ya iso. In kun ga ruwa ya fara canja launi zuwa ja, ko yana ɗauko ganye da itace, ko ƙararsa ta ƙaru, ku hau tudu nan take, ku bar takalma da kwanuka.

Na huɗu, ruwan da ke kwance shi ma da nasa sharrin. A gefen dam da fadamu ne dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya yake zama. Yaron da ya dawo yana fitsarin jini a kai shi asibiti, akwai magani, kada a ce alamar balaga ce.

Saboda haka ba mu yarda a yi tafiyar a dogon hutun Agusta ba, ko da yake a lokacin ne magangaru suka fi cika da kyan gani. Lokacin ne kuma suka fi kisa, hanyoyin ƙauye sun lalace. Mun fi son bayan ɗaukewar ruwa, daga ƙarshen Oktoba zuwa hutun Disamba: ruwan bai ƙafe ba, ya yi garau, hanya ta bushe.

Akwai kuma maganar ladabi. Ku lura da sunayen nan: Farin Ruwa, Matsirga, Hawan Kibo, Dadin Kowa. Duk Hausa ce. Amma suna bai sa wuri ya zama namu ba. Gurara ƙasar Gbagyi ce, Matsirga tana tsakanin Bajju da mutanen Kafanchan, kowane wuri da masu shi, da sunan da suke kiransa a harshensu, wasu wuraren ma suna da alfarma a al'adarsu. Mu da muka zauna lafiya shekara da shekaru a ƙasar Bubayero, tare da Fulani da Tera da Bolawa da Tangale da Waja, mun fi kowa sanin yadda baƙo ke zama. A fara da gaida mai gari. A ɗauki ɗan jagora daga mutanen wurin a biya shi haƙƙinsa. Inda aka ce kada a taka, kada a taka. Kada a bar musu leda da robar ruwa. Matambayi ba ya ɓata.

Ga shawarar da muka kawo gaban taro. A yi tafiyar hawa uku. Hawa na farko Dadin Kowa, wajen kilomita 37 daga nan, a je a dawo rana ɗaya, bayan an nemi izinin hukumar dam don a sami ma'aikacin da zai yi wa yara bayani. Hawa na biyu a tsaya a gadar Dindima su ga kogin kafin ya iso mana, a shiga Yankari su ga maɓuɓɓugar Wikki, wadda ɗuminta yake digiri 31 dare da rana, rani da damina. Hawa na uku, ga manyan ɗalibai kaɗai, a tafi Jos ta Bauchi, a kwana, a sauka Assop da safe. Farin Ruwa sai manya sun fara zuwa sun dubo hanya tukuna, domin ƙarshenta tafiyar ƙafa ce.

Sharuɗɗan su ne: kowane yaro da takardar yardar mahaifinsa ko mai riƙonsa; babba ɗaya ga yara goma; 'yan mata da motarsu da iyaye mata masu rakiya; ma'aikacin jinya ɗaya da akwatin magani; malami ɗaya da zai kula da lokutan salla ya kuma koya musu hukuncin kasaru a aikace; ba tafiyar dare; kuma kafin a tashi a tuntuɓi 'yan'uwanmu direbobi da jami'an tsaro kan halin da hanya take ciki. In aka ce hanya ba lafiya, an fasa, ba gardama. Kuɗin mota da abinci kwamitin kuɗi zai ƙayyade, amma muna roƙon attajiranmu su ɗauki nauyin marayu da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, kada abin ya zama na 'ya'yan masu hali kaɗai. Kowane ɗalibi kuma in an dawo zai rubuta abin da ya gani da Hausa, a buga mafi kyau uku a mujallar nan.

Iyayenmu, abin da muke nema a yau shi ne amincewarku da hawa na farko kawai, da sunayen mutum biyar da za su riƙe shi. In an je an dawo lafiya kun ga amfaninsa, sai ku ba da izinin na gaba. Masu son rakiya su ba sakatare sunayensu kafin a tashi.

Allah ya raya mana zuriya, ya kiyaye su daga sharrin ruwa da na hanya, ya zaunar da garin Gombe da ƙasarmu lafiya.