Layik Dubu, Ciniki Babu: Darasin Da Atamfar Yayata Ta Koya Mini

Waɗanda data ba ta bar su sun saurari shirinmu na wannan mako ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau hirar tamu da masu sana'a a waya ce. Ke mai saida atamfa da mayafai a sitatus, kai mai huluna da shadda a Facebook, ke mai turaren wuta da humra a Instagram, ku matso kusa. Zan ba ku labarin asarar da na jawo wa yayata da hannuna, da abin da muka gyara daga baya. In kun ɗauki darasin a bakina, kun huta da biyan kuɗin makarantar da muka biya.

Yayata tana saida atamfa da mayafai daga gida, a nan cikin garin Katsina. Tun lokacin kullen korona a 2020 ta fara. Ita ke zuwa Kantin Kwari a Kano ta saro kaya, ni kuma, da yake ni ne auta kuma ni ne mai wayar da ta fi kyamara, ni ke ɗaukar hoto in ɗora. A lokacin abu ɗaya nake dubawa: layik nawa aka yi. In hoto ya samu layik da yawa sai in shigo gida ina fankama, ina cewa, "Yaya, yau mun tashi kan mutane." Ita kuwa sai ta kalle ni ta ce, "Auta, to nawa aka turo?" Sai in yi shiru. Ka san dai maganar Hausawa, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

To ga yadda abin ya fashe. Akwai wata atamfa ruwan ƙasa mai ɗan duhu. Na ɗauke ta da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ta fito dishi-dishi, sai na sa mata filta na ƙara haske. Nan take ta koma ruwan goro, tana ɗaukar ido. Wallahi hoton ya yi kyau, kuma ya samu layik fiye da duk abin da muka taɓa ɗorawa. Wata Hajiya ta gani, ta ce ita ce ankon bikin ɗiyarta, turmi goma sha biyu take so. Yaya ta kwashi kuɗin adashinta ta nufi Kano ta saro. Da aka kai wa Hajiya kaya a kurkura, ba a yi awa ɗaya ba suka dawo. Ta kira ta ce, "Baiwar Allah, wannan ba ita na gani ba. Ni ruwan goro na zaɓa." Kuma gaskiyarta. Yaya ta yi ta ba da haƙuri, ta maida mata kuɗin da ta fara bayarwa. Atamfar nan sai da ta yi watanni a ɗaki muna saida ta ɗaya-ɗaya, wasu ma a kan faɗuwa. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne, mun rasa Hajiya, mun rasa danginta da ƙawayenta da za su zo ta dalilinta.

Ranar Yaya ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, "Auta, da a shago ne ka ɓoye wa mutum kalar kaya, me sunansa?" Na ce algus. Ta ce, "To a waya ma sunansa ke nan."

Daga ranar na canza yadda nake ɗaukar hoto, kuma ba sabuwar waya na saya ba. Da farko, ina goge gilashin kyamara da gefen riga, don rabin dusashewar hotunanmu maiƙon hannu ne. Na biyu, na daina ɗauka da dare. Da hantsi nake fitowa da kaya bakin ƙofar ɗaki, a inuwa, inda haske ke shigowa amma rana ba ta dukan kayan kai tsaye. Ranar tsaka ta Katsina tana wanke kala, ƙwan lantarki kuma yana juya ta. Na uku, ina shimfiɗa farin zanen gado a ƙasa, don kada tabarma ko bokiti su raba wa mai kallo hankali. Bayan na ɗauka sai in ajiye wayar kusa da atamfar in kwatanta. In kalar ba ta zo ɗaya ba, in goge in sake.

Sai bidiyo. Atamfa aba ce da mace ke son ta taɓa, ta ji kaurinta, ta ga bayanta. Tunda ba za ta iya taɓawa ta waya ba, sai hannun Yaya ya taɓa mata. Gajeren bidiyo, a tsaye ba a kwance ba don ya cika fuskar waya, hannu ya warware turmin, ya juya baya, ya matso da zanen kusa. Ba doguwar sallama, ba kiɗan da zai rufe komai. Kayan su fito tun a daƙiƙar farko, domin babban yatsan mutum ba ya jira. Kuma ku tausaya wa datar mutane. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Wanda ya saya da tsada ba zai ƙona ta a bidiyon minti uku na mayafi ɗaya ba. In kuma mai saye ta nemi hoto a WhatsApp, ku danna alamar HD kafin ku tura, don manhajar tana matse hoto ta rage masa kyau.

Wannan ɓangaren hoto ke nan. Yanzu mu zo kan alƙaluma, inda yawancinmu muke yaudarar kanmu.

In kana sana'a a Instagram, ka maida shafinka na kasuwanci, kyauta ne. Za ka ga wani wuri mai suna Insights. A Facebook kuma akwai Meta Business Suite. Abin da ke ciki ya fi layik amfani nesa ba kusa ba. Akwai sau nawa aka kalli abin da ka ɗora, akwai kuma mutum nawa ya kai gare su. Biyun nan ba ɗaya ba ne, don mutum ɗaya zai iya kallo sau biyar. Akwai waɗanda suka ajiye hoton, akwai waɗanda suka tura wa wani. In mabiyanka sun kai 100, zai nuna maka garuruwan da suke, shekarunsu, maza ne ko mata, da lokutan da suka fi hawa.

Ni a wurina ajiyewa da turawa su ne masu magana. Layik kamar wanda ya wuce ta gaban shagonka a Babbar Kasuwa ne ya ce "Allah ya kawo kasuwa." Mun gode, amma ya wuce. Wadda ta ajiye hoto tana jiran albashi ne ko kwasar adashi. Wadda ta tura, ta tura wa mai gida ko wa ƙawa tana tambaya, "Ya kika ga wannan?" Shi kansa shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya bayyana a farkon 2025 cewa tsawon lokacin da aka ɗauka ana kallo, da layik, da turawa, su ne manyan abubuwan da manhajar ke dubawa kafin ta yaɗa abu. Ka ga ashe layik yana da nasa aikin wajen yaɗuwa. Sai dai yaɗuwa daban, ciniki daban.

Ranar da na fara buɗe jerin garuruwan mabiyanmu na sha mamaki. Legas da Abuja da Kano sun cika wurin, Katsina tana can ƙasa. Dalili kuwa ni na jawo. Na taɓa biyan kuɗin talla, na danna Boost, da aka tambaye ni su wa nake son su gani sai na zaɓi Najeriya gaba ɗaya, wai ni mai babban buri. Saƙonni suka yi ta shigowa: nawa ne, nawa ne. Da zarar an ji kuɗin aikawa daga Katsina sai a ɓace. Mutumin Kano kuma, da Kwari a bayan gidansa, me zai sa ya sayi atamfar da aka saro a Kwari aka kai Katsina? Alhali manhajar tana ba ka dama ka zaɓi gari ɗaya, ka ce kilomita kaza kewaye da shi. Da Katsina na zaɓa da kewayenta, da tallan ya faɗa hannun mutanen Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa da Batagarawa, waɗanda ɗan kurkura zai kai wa kaya kafin la'asar.

Bari mu yi lissafi a misali, kowa ya ɗauko biro. A ce ka kashe naira 10,000 a talla. Mutum 40 suka yi maka magana, 4 suka saya. Ribarka a kowane turmi naira 1,500 ce. Ka samu 6,000, ka kashe 10,000, ka faɗi da 4,000 ke nan, ko da kuwa manhajar tana yi maka albishir cewa dubban mutane sun gani. Kowane mai saye ya tsaya maka a kan 2,500. Wannan shi ne lissafin: kuɗin talla a raba da yawan waɗanda suka biya. In abin da ya fito ya fi ribar da kake samu a kan mutum ɗaya, dakata, sai fa in ka tabbata masu dawowa ne. Kuma ka tuna tun Janairun 2022 ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan tallan Facebook a Najeriya, shi ma ka sa shi a lissafi.

To amma matsalar ita ce, Insights bai san wa ya biya ba. Cinikinmu a nan yana ƙarewa ne a WhatsApp, a tura kuɗi ta banki ko OPay ko Moniepoint, ko a miƙa a hannu. Instagram ba ya ganin wannan. Shi ya sa muka sayi littafi mai fallaye arba'in, irin na 'yan firamare, muka ja layi biyar: me muka ɗora, a ina da ƙarfe nawa, mutum nawa suka gani, nawa suka tambaya, nawa suka biya. Duk wadda ta saya, Yaya za ta tambaye ta, "Hajiya, a ina kika ga kayan?" Tambaya ɗaya tak.

Bayan wata biyu littafin nan ya faɗa mana abin da ba mu zata ba. Instagram ne ke tara mana 'yan kallo, amma mafi yawan kuɗin daga sitatus ɗin WhatsApp yake fitowa, inda masu kallo ba su da yawa. Da muka yi tunani sai muka ga hikimar: ba mai ganin sitatus ɗinka sai wanda ya ajiye lambarka kai ma ka ajiye tasa. Wato mutanen da suka san ka ne, akwai amana. Muka kuma ga cewa hoton da aka rubuta farashi a jikinsa ba ya jawo tambaya da yawa, amma masu tambayar da gaske suke. Wannan al'adar ta "shigo ciki mu yi magana" tana korar masu kunya, kuma masu kunyar nan su ne sau da yawa masu kuɗin a hannu. Sai lokaci: mu namu matan aure ne, bayan isha'i suke samun sararin riƙe waya. Da azumi kuwa sai bayan asham. Kai naka zai iya zama daban, mai saida wa ɗaliban jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ba lokacinsa ɗaya da namu ba. Littafinka ne zai faɗa maka.

In za ku gwada wani abu, ku canza abu ɗaya kawai a lokaci guda. Wannan makon hoto, mako mai zuwa bidiyo, kaya iri ɗaya, lokaci ɗaya. In ka canza hoto da lokaci da farashi duk a rana ɗaya, ciniki ya ƙaru ko ya ragu, ba za ka san wanne ya yi aikin ba.

Akwai wani amfanin littafin kuma. Ku tuna watan Satumbar 2021, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, har da Funtuwa da Malumfashi da Dutsin-Ma da Jibiya. Ku tuna 4 ga Oktoba na shekarar, da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida a duk duniya. Shafin nan aro ne, mai shi na iya rufewa ko a yi maka kutse. Sunayen masu sayenka da lambobinsu da irin abin da suke so, a takarda, wannan naka ne.

Sai gargaɗi guda biyu kafin mu rufe. Kada ka sayi mabiya. Ba sa saye, kuma suna ɓata maka alƙaluman da za ka yi hukunci da su. Sannan in za ka ɗora hoton hirarka da mai saye ko shaidar shigowar kuɗi don nuna ana ciniki, nemi izininta, ka rufe sunanta da lambarta. Matar mutum ce, ɗiyar mutum ce.

Aikin gida na wannan mako: ɗauko littafi, ja layin nan biyar, ka cika shi kwana bakwai ba fashi. Ran Juma'a ku dawo ƙarƙashin wannan rubutun ku faɗa mana abin da kuka gano, musamman in ya saɓa da namu, don mu ma mu ƙaru. Wanda yake da 'yar'uwa ko ɗan'uwa mai sana'a a waya, ya tura masa.

Ita kuwa Yaya, har yanzu in na shigo ina cewa bidiyo ya tashi, tambayarta ba ta canza ba: "Auta, nawa aka turo?" Bambancin kawai, yanzu ina buɗe littafi in ba ta amsa.

Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka, ya raba mu da algus. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.