Ɗan Mai Fenti da Malaman da Suka Ɗora Shi a Hanya

Mai girma shugaban reshe, iyayenmu dattawa, 'yan'uwana malamai maza da mata daga Jega da Aliero da Maiyama, barkanmu da haɗuwa a Kashin Zama.

Zan kawo muku tarihin wani masani, Geoffrey Wilkinson, domin akwai rabonmu a cikinsa. An haife shi a 1921 a Todmorden, wani ƙaramin gari na masaƙu a arewacin Ingila. Mahaifinsa mai shafa fenti ne, mahaifiyarsa kuwa ma'aikaciyar masaƙar auduga. Firamaren hukuma ya yi, irin wadda muke koyarwa a cikinta. A 1932 ya ci jarrabawar tallafin karatu, ya shiga sakandaren garinsu. Malamin da ya koya masa fiziks a can, Luke Sutcliffe, shi ne ya koyar da John Cockcroft, wanda ya sami kyautar Nobel a 1951. Ɗalibai biyu ke nan na malami guda suka kai wannan matsayi.

Daga nan ya wuce Kwalejin Imperial ta Landan a 1939. Ya yi aikin binciken nukiliya a Kanada lokacin yaƙin duniya na biyu, sannan ya yi bincike da koyarwa a Amurka, har Jami'ar Harvard. Daga bisani ya koma Imperial a matsayin farfesa yana da shekara talatin da 'yan kai.

Fanninsa shi ne nazarin sinadaran da ƙarfe ke ƙulluwa da kabon a cikinsu, kabon ɗin nan da ke cikin gawayi da jikin duk mai rai. A 1952 shi da abokan aikinsa suka bayyana ƙirar wani sinadari mai ruwan lemo, ferosin. Suka nuna ƙwayar ƙarfe guda ce zaune tsakanin zobba biyu na kabon, kamar a ɗora goro a kan faifai a rufe da wani faifan. Masana ba su saba da irin wannan ƙira ba, sai ta buɗe sabon babi a kimiyya. A kan wannan fage aka ba shi kyautar Nobel a 1973 tare da Bajamushe Ernst Otto Fischer.

Akwai kuma wani sinadari mai ɗauke da ƙarfen rodiyam da ake kira da sunansa har yau. Aikinsa irin na dillalin kasuwar Jega ne: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi kuwa ya koma ya jira na gaba. Masana'antu sun yi gini a kan bincikensa na rodiyam wajen samar da sinadaran da ke shiga robobi da fenti. Littafin da ya rubuta da ɗalibinsa Albert Cotton a 1962 ya daɗe yana hannun ɗaliban jami'o'in duniya. Ya rasu a 1996.

'Yan'uwa, ku lura da inda hanyar ta faro. Da bai haye jarrabawar 1932 ba, da wuya mu ji sunansa, kuma malaman firamare ne suka shirya shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tun 2006 jami'ar kimiyya da fasaha take zaune a Aliero, a ƙofar gidanmu. 'Ya'yan wa za su cika ɗakunan gwajinta? Mun san yadda azuzuwa ke raguwa idan aikin albasa ya kankama, mun san yarinyar da talla ke ɗaukewa ranar kasuwa. Wanda aka rasa a aji huɗu, ba a jami'a za a tsinto shi ba.

Saboda haka ina roƙonmu abu uku. Mu koyar da kimiyya da abin da ke hannunmu: ƙusa a jiƙa, wata a shafe ta da mai, yara su ga wadda za ta yi tsatsa, su faɗi dalili da bakinsu. Mu riƙa lura da yaron nan mai yawan tambaya, kada mu kashe masa baki. Sannan mu taka har gida wurin iyaye kafin jarrabawar shiga sakandare, mu tabbata an rubuta sunan kowane ɗan aji shida, mace da namiji.

Ƙungiya za ta ci gaba da neman haƙƙinmu, kuma muna bayanta. Haƙƙin yaran nan kuwa a wuyanmu yake. Allah ya ba mu ikon saukewa, ya sa albarka a alli da allo.