Jawabi A Kan Amanar Kuɗin Masallaci

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku dattawa da malamai, da iyayenmu mata, da samarin jama'ar Park Hill, an nemi in yi magana a wannan rana ta tunawa da kafa masallacinmu. Tarihinsa dai waɗansu sun riga sun faɗa. Ni zan ɗauki abin da ba a cika son taɓawa cikin taro ba, watau maganar kuɗi: nawa ya shigo, ta wace hanya, ina kuma ya tafi.

Kun san inda kuɗin nan ya ke fitowa. Gumin direba ne wanda ya kwana bisa titi, da na matar da ke jinyar tsofaffi a gidajen mutane, da na wanda ke kama jirgin fito a St. George tun duku-duku ya ƙetara Manhattan wurin aiki. Da shi a ke biyan wuta da ɗumama ɗaki lokacin hunturu, da shi a ke riƙe makarantar yara, da shi kuma a ke yi wa baƙo sutura in ajali ya riske shi nesa da gida.

A nan Amurka, yawancin ƙungiyoyin taimako da aka yafe wa haraji dole ne kowace shekara su aika wa ofishin haraji na tarayya, IRS, wata takarda mai lamba 990, su bayyana abin da suka samu da abin da suka kashe, kuma kowa na da ikon neman ganinta. Amma masallatai da coci-coci doka ta ɗauke musu wannan nauyi. To, abin tsoron shi ne mu ɗauki rangwamen hukuma ya zama mana izinin yin shiru. Hukuma ta yafe nata haƙƙin ne kurum, na jama'a kuwa yana nan a wuyanmu.

Buhari da Muslimu sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya aika karɓar zakka. Da ya komo sai ya ware wani kashi, ya ce kyauta ce aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya tsawata a gaban jama'a, ya nuna cewa da mutumin ya zauna gidan iyayensa da ba wanda zai kai masa kome. Ku lura, sahabi ne wannan, amma aka zauna aka yi masa lissafi, ba a kuwa bar maganar cikin ɗaki ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, cikin Kitabul Farƙi, ya lasafta gaisuwar da a ke kai wa masu iko cikin miyagun al'adun sarakunan zamaninsa.

Na sha jin ana cewa sadaka a ɓoye ta fi lada, don me za a tona? Gaskiya ne, haka aya ta 271 ta Suratul Baƙara ta nuna. Amma fa an gauraya abu biyu. Wanda a ke suturtawa shi ne mai bayarwa, domin gudun riya, da mai karɓa, domin kare mutuncinsa. Jimlar abin da ya taru a akwati ba ta yin riya, ba ta kuwa jin kunya. Sai a sakaya sunaye, a bayyana adadi.

Waɗansu kuma su ce ma'ajinmu dattijo ne amintacce, ƙirga kuɗi a gabansa cin fuska ne. Ni a ganina barinsa shi kaɗai da akwati shi ne cin fuskar, gama an jefa shi bakin mutane ba shi da garkuwa. Wani dare Annabi yana raka matarsa Safiyya, mutum biyu daga cikin Ansaru suka gifta, ya tsai da su ya shaida musu ko wace ce, don kada Shaiɗan ya jefa musu zato. In ma'asumi ya toshe ƙofar zargi, ina ga ni da ku? Balle a ƙasar da ido ke kan kuɗin Musulmi. Tun da gwamnati ta rufe Holy Land Foundation ta jihar Texas cikin watan Disamba na 2001, Musulmi da yawa suka shiga ɗari-ɗari da ba da sadaka, ba kuwa abin da ke kwantar da hankalin irin waɗannan kamar littafi tsabtatacce.

Akwai kuma zakka, wadda ba a yi mata asusu ɗaya da sauran kuɗi. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade masu cinta kashi takwas, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a gina masallaci da ita. In ta gauraya da kuɗin gyara da na wuta, wa zai iya rantsuwa cewa haƙƙin miskini bai tafi wurin sayen shimfiɗa ba?

Saboda haka ina roƙon shugabanninmu, akwatin Jumma'a kada a buɗe shi sai gaban mutum uku, su ƙirga, su rubuta, su sa hannu, a kai banki da sunan masallaci. Masu aikowa ta waya, kada a ba su lambar wani mutum, ko da liman ne. Wanda ya ba da dala 250 ko fiye a ba shi takardar shaida, domin ofishin haraji ba ya rage masa kome a kan wannan kyauta sai da ita. Kowane wata uku a manna lissafi a bakin ƙofa, a kuma karanta shi da Hausa da Turanci a inda mata ma za su ji, tun da ya ke su ma da kuɗinsu a ciki. Shekara shekara kuwa a kira mai binciken lissafi daga waje, wanda ba shi da dangi cikin kwamiti, ya duba littattafan.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.