Sharhi: Zumunci da gyaran gida kafin damina a Gadarif

A Gadarif da ke gabashin Sudan damina ce ke tsara wa mutum shekararsa. Ruwa kan sauka daga watan Yuni zuwa Oktoba, kuma ƙasar yankin baƙar laka ce, wadda da zarar ta jiƙa mota ba ta iya shiga ƙauyuka da dama. A lokacin ne manomi ke tarewa a gonar dawa da riɗi, masunci kuma hankalinsa na kan kwale-kwalensa a kogunan Atbara da Sitit. Saboda haka watannin ƙarshen rani su ne damar da magidanci ke da ita ta sake jinkar ɗaki, ya ɗinke koma, ya kuma je ya gaida iyaye da dangi. Wanda ya bari sai hadari ya haɗu, ya makara.

Wasu za su ce tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 kuɗin mota ya yi tsada, gidaje sun cika da 'yan gudun hijira, don haka ziyara almubazzaranci ce. Tsadar gaskiya ce, amma mu duba wa ke riƙe iyalin mutum idan ya yi watanni a gona ko a bakin ruwa. Dangi ne ke kai yaro asibiti, su ne ke ranta hatsi kafin kaka. Wannan amana ba ta ƙulluwa ta waya kaɗai, shi ya sa Hausawa ke cewa zumunta a ƙafa take. A rage tsaraba idan aljihu bai kai ba, amma a je kafin hanya ta rufe.